Ƙulli na Huɗu a Tsarabar Jos

Jos, 24 ga Oktoba

Zuwa ga uwargida Luba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Inna da 'yar ɗiyarmu Muhsina. Yaya ƙafar Inna? Yaya kuma zaman ɗar-ɗar ɗin da kuke ciki? Ni lafiyata ƙalau, sai gajiya da sanyin garin nan da ya fara shiga ƙashi.

Tun da aka rufe layukan waya a wajenku saboda 'yan bindiga yau mako shida ke nan ban ji muryarki ba. Shi ya sa na koma takarda kamar zamanin iyayenmu. Ilu direba, wanda ke kai dankalin turawa da kabeji Dutsin-Ma duk Litinin, ya yarda zai riƙa ajiye mini saƙo a shagon ɗinkin yayanki Mas'ud, shi kuma ya aiko miki Kurfi.

Aiki yana nan yadda kika sani. Mutumin da ya yi shekara tara yana noman tumatur da albasa a bakin dam ɗin Zobe, yau ga shi daga asuba zuwa la'asar yana ba fure ruwa, abin da ba a ci. Masu kuɗi su zo a mota, su sunsuna, su ce a sa musu a but. Amma kada in ci amanar Madam mai gonar, ba ta taɓa zagina ba, kuma ba ta hana ni salla.

A maganarmu ta ƙarshe kin ce wuni kike kina sauraron ƙarar babur, hannunki ba abin yi. Abin ya tsaya mini a rai. To ga zuma kwalba ɗaya ta Inna, habbatus saudar da ta ce in haɗo mata kuwa ban samu mai kyau ba, sai wani jiƙon. Ke kuma ga irin fure ƙulli huɗu a takarda, na roƙo wajen tsohon da ke kula da ɗakin iri. Duk na lokacin sanyi ne, kuma na zaɓo marasa wahala, waɗanda ko wanda bai taɓa shuka fure ba zai iya.

Ki nemo gwangwanayen tumatur manya da tsohon bokitin nan da ya fashe, ki huhhuda gindinsu. Ƙasa kashi biyu, yashi ɗaya, busasshen kashin awaki ɗaya. Na farko, siriri baƙi mai farin kai kamar tsinken ashana, shi ne marigol. Kwana biyar ya tsiro, mako bakwai ki ga fure ruwan ɗorawa. Ba ya fushi ko kin manta da shi. Na biyu mai faɗi, ziniya ke nan, rana take so, in ta yi tsawon ɗan yatsa biyu ki tsinke kanta ta yi rassa. Na uku mai lanƙwasa, kosmos, kada ki cika mishi taki, in ya ƙoshi ganye kawai zai yi miki. Na huɗu ƙananan baƙaƙe ne, sai ki rantse habbatus sauda ce. Nan ana ce mishi lakisfa, furensa shuɗi ne dogo, duk gonar ba wanda nake so kamarsa. Shi sanyi yake so sosai, ki sa shi gefen katangar da rana ba ta daɗewa, ki rufe da ƙasa, ki yi haƙuri da shi mako uku.

Ruwa da safe, yayyafi da hannu, ba na wanki ba. Ki yafa tsohon gidan sauro saboda kajin Azumi maƙwabciya, na san halinsu.

Ki gaishe da Inna, ki ce ta sa ni a addu'a. Ki shafa mini kan Muhsina.

Naki,
Badamasi

Jos, 31 ga Oktoba

Luba,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, wallahi wannan karon ba don al'adar takarda na faɗa ba. Kafin ki ƙarasa karantawa ki tashi ki nemo ƙullin irin nan baƙi ƙanana da ya zo tare da zuma. Ki ɗauke shi daga inda hannun kowa zai kai. Ba habbatus sauda ba ce. Guba ce. Je ki yanzu, takardar za ta jira ki.

In kin dawo, ga abin da ya faru. Jiya Asabar Ilu ya dawo ya miƙo mini takardata ta makon jiya, ko buɗe ta ba a yi ba. Wai ta faɗa ƙarƙashin kujera. Kayan kawai ya ba Mas'ud, ya ce mishi tsarabar Inna ce. Na yi mishi faɗa kaɗan, na ce ba komai, a mako mai zuwa ta tafi. Ga ta nan na haɗo miki, ki karanta ki ga abin da na yi nufi.

Da yamma kuma muna shuka irin shuɗin furen nan a gona, ina shuka ina ɗiban gyaɗa a aljihu ina ci. Sai tsohon nan mai ɗakin iri ya buge mini hannu har gyaɗar ta watse. Ya ce in je in wanke hannu da sabulu, wannan irin ya taɓa kashe musu ɗan maraƙi, mutum ma in ya ci da yawa bakinsa zai mutu, ya yi ta amai, jiki ya saki, numfashi ya tsaya. Na tambaye shi me ya hana shi gaya mini ranar da ya ƙulla mini. Ya ce shi a saninsa ba mai cin irin fure. Gaskiyarsa. Bai san gidanmu ba, inda duk abin da ya shigo a ƙulle ko na miya ne ko na magani.

Luba, a kan kunyar shukar na zauna ina lissafi. Inna ta ce in aiko mata zuma da habbatus sauda. Ga zuma ta iso, ga baƙin iri kusa da ita, ba takarda, ba bayani, an kuma ce tsarabarta ce. Na san yadda take yi, ta daka a ɗan turminta, ta kwaɓa da zuma, cokali guda kafin karin kumallo, ta kuma lakata wa Muhsina a baki. Tun jiya wannan lakatar nake gani.

Na kira lambarki ya fi sau talatin alhali na san ba za ta shiga ba. Na kira abokina Atiku da ke Katsina ko zai hau mota ya zo muku, matarsa ta ce yana Legas. Na je wajen Madam, ta ce akwai furen biki da za a yanka ranar Laraba, amma in na ga dole in tafi. Ban tafi ba. Na ce wa kaina ko na taso yau sai na kwana a Kano, ba zan riga Ilu da komai ba. Haka ne, amma ba shi ke nan ba. Tsoron hanyar nan nake ji, kuma ina tsoron in iso in tarar da tabarmi a ƙofar gida. Gara ki san irin mijin da kike da shi.

In wani ya riga ya sha, kada a tsaya ba shi manja ko madara a gida. A kai shi asibiti Dutsin-Ma, a tafi da sauran irin a nuna wa likita. In ba wanda ya taɓa, ki ƙone shi a murhu bayan an sauke tukunya, ki wanke hannu. Sauran ukun ba su da wannan illar, amma su ma ki ɗaga su sama.

Na sa Ilu ya rantse mini cewa hannu da hannu zai ba Mas'ud, kuma ba zai baro Dutsin-Ma ba sai da amsarki. Ko layi ɗaya ne ki rubuto. Ki rubuta sunan kowa, ki ce lafiya, ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya tsare mini ku.

Badamasi

Jos, 7 ga Nuwamba

Zuwa ga Luba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna, da fatan kun tashi lafiya. Takardarki ta iso jiya. A bakin tasha na karanta, da na ga sunan Muhsina da na Inna da naki sai na yi sujada a wurin, mutane suna kallo. Alhamdu lillahi da tsohuwar habbatus saudar Inna ba ta ƙare ba. Na yi ta yi mata tsiya a kan yadda ba ta amfani da sabon abu sai tsoho ya ƙare ƙaƙaf, yau ga shi wannan halin ne ya bar mini uwa. Kin kyauta da kika je gidan Azumi da kanki kika karɓo nata kason. Na san da nauyi mace ta je ta ce a dawo da tsarabar da aka bayar. Na manta sam cewa Inna ba ta cin tsaraba ita kaɗai.

Sai kuma na juya bayan takardar.

Kawu Hamma. Duk mutanen Kurfi da Dutsin-Ma, sai shi. Kin ce Inna ba ta faɗa ba sai da Ilu ya kusa tashi, don ta san ba na son jin sunansa. Kin ce ya zo duba ƙafarta, ta ji tarinsa, ta ɗebar mishi kaso mafi yawa ya tafi da shi Kutawa. Ban ga laifinta ba, ƙanenta ne, ciki ɗaya. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan abin yana hannunsa, kuma mai tari ba ya ajiye magani.

Na ga inda kika ce Mas'ud ya ba wani mutumin Kutawa sallahu. Luba, na san sallahun baki. Kafin ya isa ya koma Mas'ud na gaishe ka. Wa zai tsaya gaban dattijo ya ce ɗan yayarka ya aiko da guba?

Ke kin zo gidanmu bayan an yi rigimar, abin da kika sani guntu ne, bari in gaya miki sauran. Fadamar Zobe ta kakana ce, mahaifin su Inna. Ni na share ta, ni na haƙa mata hanyar ruwa, shekara tara. Da tsohon ya rasu aka raba gado, ta faɗa kason Kawu. Malamai ba su yi kuskure ba, ko yau aka sake rabon haka za ta faɗa. Abin da ya ƙona ni, bai jira na cire tumatur ɗin da ke ciki ba. Ranar Juma'a, a ƙofar masallacin Kutawa, gaban jama'a, na nuna shi da yatsa na ce in Allah ya yarda ba zai daɗe yana cin abin gonar nan ba. Shekara shida ke nan, ba wanda ya manta. Har yau in an ambace ni a can, da wannan maganar ake gane ni.

To yanzu ki duba. In wani abu ya same shi, aka bincika aka ce maganin daga Jos ya fito, wa zai yarda irin fure ne na aiko wa matata? Inna kanta, da hannunta aka bayar, yaya za ta kalle ni? Muhsina za ta tashi a garin da ake nuna ta.

Akwai abin da ya fi wannan, ke kaɗai zan iya gaya wa. Na sha kwanciya a ɗakin nan cikin sanyi, bayana na ciwo, in ce da ma ya mutu. Ba sau ɗaya ba. Yanzu in ina alwala sai in ji kamar an karɓi roƙon ne a lokacin da na daina nufinsa. Wallahi ba na son mutuwarsa. Ban sani ba ko tun can ba na so, ko sai yanzu da abin ya zo ta hannuna.

Madam ta ba ni kwana uku. Gobe da asuba tare da wannan takarda za mu hau motar Ilu. Ita za ta wuce Kurfi, ni zan nufi Kutawa. Kada ki gaya wa Inna ina kusa, sai na san abin da zan ce mata. In kuma hanya ta yi yadda take yi wa mutane, ki adana takardun nan duka, ki ba Mas'ud ya karanta wa dangi.

Ki yafe mini wahalar da na jawo miki da sunan faranta miki rai.

Mijinki,
Badamasi

Dutsin-Ma, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga uwargida Luba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya ke da Inna da Muhsina. Daga shagon Mas'ud nake rubuto miki, a kan teburin yankansa, bayan la'asar. Kawu yana da rai. Ki fara gaya wa Inna wannan, sauran ki karanta a hankali.

Jiya mun iso gab da magariba. Yau da sassafe na ari keken Mas'ud, don masu babur ba su son shiga wajen. Na sayi goro biyu manya a bakin tasha, na ce ko gaisuwa ko ta'aziyya, ba a zuwa hannu sake. Hanyar da na sani kamar tafin hannuna, yau ba kowa a kanta. Gonaki an yanke gero an bar dawa a tsaye. Sau biyu na ji ƙarar babur na jefar da keken na kwanta cikin kara. Na biyun ma injin ban-ruwa ne. Na tashi ina kakkaɓe jiki, ba mai ganina amma sai da na ji kunya.

Da na shiga Kutawa ban gaida kowa ba, kunnena kawai na kasa ko zan ji kuka. Na karyo kwanar gidan ina kallon ƙasa. Ba tabarmi, ba butoci a jere. Sai ga shi zaune a dakali da wasu dattawa biyu, yana ɗaure tiyon ban-ruwa da roba. Ya tsufa, Luba. Tarin yana nan, har kafaɗunsa ke girgiza. Na jingine keken a bango.

Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu, bai ɗago ba. Sallahun Mas'ud bai iso ba, mutumin ma ba a gan shi a garin ba. Na tambaye shi maganin da Inna ta ba shi, ko ya sha. Sai a lokacin ya dube ni. Ya tashi ya shiga zaure, ya miƙa hannu saman azara, ya fito da ƙullin yadda Inna ta ɗaure shi, ko kwance shi ba a yi ba. Ya ce ya karɓa ne don ba a mayar da hannun babbar yaya, amma tun da ta ce daga Jos ya fito ya san inda zai ajiye shi. Ya ce tari dai yana damunsa, amma bai gaji da duniya ba har da zai haɗiye abin da ya bi ta hannun Badamasi. Dattawan suka yi dariya, suna cewa kai Hamma ba ka da dama.

Ni kuma na ce musu guba ce.

Dariyar ta tsaya. Na ba su labari tun daga farko, irin furen, takardar da ta faɗa ƙarƙashin kujera, tsohon da ya buge mini hannu. Ina magana ina jin yadda labarin ke fita kamar ƙarya. Da na gama, Kawu ya tambaye ni, wai na zo in hana ne, ko na zo in ga ko ta yi aiki. Na ce na zo in hana. Ya daɗe yana kallon ƙaiƙayin da ya manne mini a riga da gwiwar wandona da ta yage. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce mai mugun nufi ba ya baro Jos ya shigo wannan hanyar a kan keke. Kawu ya leƙa cikin gida ya ce a damo wa yaron Kande fura, ni ke nan, da sunan Inna ya kira ni.

Na sha furarsa har ƙasan ƙwarya, yana kallo. Sannan muka zaga bayan gida, ya hura kara, ni na jefa ƙullin da hannuna, muka tsaya har ya cinye. A nan ya tambaye ni wai furen wane iri ne da har mutum zai aiko da shi tun daga Jos. Na ce shuɗi ne, dogo, ya kai ƙugu. Ya ce to me ake yi da shi. Na ce kallo. Ya girgiza kai ya ce lallai na daɗe a waje.

Luba, tun a hanyar dawowa nake juya abin. Da Kawu ya yarda da ni ko kaɗan, da yau kwanansa goma a ƙasa. Shekara shida yana ganina a matsayin wanda zai iya kashe shi, kuma wannan zaton ne ya tsare shi. Na gode wa Allah, na kuma gode, amma abin ya yi mini ciwo fiye da fadamar. Ni na koya mishi wannan zaton a ƙofar masallaci, ba wani ba.

Ba zan samu ƙarasowa Kurfi ba. Motar ƙarshe ta tashi, gobe da asuba kuma dole in kama hanyar Jos, kwana ukun sun cika. Ina zaune nan ina ganin titin da zai kawo ni wajenku, ki yi haƙuri. Ki shuka sauran ukun, lokaci bai wuce ba. In layi ya dawo kafin su yi fure, ki ɗauko mini hoto.

Da zan taho na miƙa mishi goron nan. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa albarka, ya ce in gaida yayarsa, ya zura a aljihu. Na durƙusa ina gyaran sarƙar keken da ba abin da ya same ta, ko zan ga ya ɓare ɗaya. Bai ɓare ba. Ban ga laifinsa ba. In Allah ya kai mu salla zan sake kai mishi wani.

Ki gaishe da Inna, ki gaishe da Azumi, ki rungume mini Muhsina.

Naki har kullum,
Badamasi